Na'ibi Mai Banshar da Tayar Baya ta Dama

A unguwar Bani Malik ta birnin Jidda, gefen titin da manyan motoci ke bi, akwai wata rumfar kwano da aka jingina da katangar wani gida. Banshar ce, wato wurin facin taya, kuma mai ita Na'ibi ne. Gajere ne kakkaura, tafin hannunsa ya yi kanta har ba ya jin zafin ƙarfen da ya wuni a rana. Direbobin unguwar sun san shi da abu biyu. Bai taɓa yin facin da ya sake buɗewa ba, kuma ba a taɓa ambaton sunan Salihu a gabansa fuskarsa ba ta canza ba.

Salihu ɗan gwaggonsa ne. Tare suka tashi a Maiurno, bakin kogi a ƙasar Sudan, Na'ibi ya girme shi da shekara biyu. A shekarar 1958 suka hau jirgin ruwa daga Bur Sudan da niyyar su yi hajji su koma, ba su koma ba. Kwana biyun da suka yi a teku Salihu amai kawai yake yi, Na'ibi ne ke riƙe masa kai yana jiƙa masa tsumma. Da suka sauka Jidda ma Na'ibi ne ya bi rumfunan Bab Makka ɗaya bayan ɗaya, har wani mutumin Hadramaut mai suna Othman ya yarda ya zama kafilinsu, wato mai tsaya musu a wurin hukuma, ya ɗauke su aikin faci su biyu. Wannan tarihi Na'ibi bai taɓa manta ko ɗigo a cikinsa ba. Sauran jama'a ne suka manta.

Hannun Salihu ba na aiki ba ne. In ya yi faci, da yamma motar za ta dawo. Amma Allah ya ba shi baki. Kafin shekara ta zagayo yana Larabcin Hijaz kamar an haife shi a Jidda, kuma duk direban da ya tsaya jiran taya sai ya tafi yana dariya. Na'ibi na durƙushe yana kokawa da ƙarfe, Salihu na jingine da mota ana nuna masa giya da birki. Haka ya koyi tuƙi a tsaye. A 1963 wani ɗan kwangilar gine-gine mai suna Hamad ya ɗauke shi direba, ya sabunta masa iƙama, wato takardar izinin zama, ya ba shi ɗaki a gidansa, har Salihu na kiransa Ammi, wato baffa. Daga ranar Salihu ya shiga farar riga, Na'ibi kuma ya ci gaba da zama cikin baƙin roba.

Na'ibi bai ƙi Salihu ba. Da wani zai taɓa shi, shi ne zai fara ɗaukar ƙarfe. Abin da ke cinsa shi ne yadda komai ke zuwar wa Salihu ba tare da ya sunkuya ba. Wasiƙa in ta zo daga Maiurno, sunan Salihu ake fara gaisarwa. Wata rana mai karanta masa wasiƙa ya kai inda mahaifiyarsa ta ce, "Ka riƙa jin shawarar ƙaninka Salihu, mun ji shi ya san gari." Na'ibi ya sa aka maimaita masa wurin, ya ninke takardar, ya koma bakin aikinsa.

Bayan rasuwar Othman ya buɗe tasa banshar a Bani Malik, ya auri Mastura, haifaffiyar Jidda wadda kakanta ya zo hajji da ƙafa daga ƙasar Katsina. Hausarta rabi Larabci ce, idonta kuma ba ya kuskure. Ita ta fara gane cewa duk ranar da Salihu ya kawo ziyara, mijinta ba ya cinye abincinsa.

"Baban Luba," ta ce masa wata rana, Luba ita ce 'yarsu ta fari, "wallahi mutumin nan yana son ka. Me ya tsare maka?"

"Na ce ya tsare mini wani abu ne?"

"Ba ka ce ba. Shinkafar ce ta ce."

A farkon 1974 Hamad ya sayi karafan daga hannun wani injiniya Bature da zai koma ƙasarsu. Ɗaki ne guda mai taya huɗu da ake ɗaura wa mota a baya, fari ƙal da layin shuɗi a gefe. A ciki akwai gado, da murhun gas, da tagogi masu labule. Ran Juma'a Salihu ke jan sa zuwa bakin teku a Abhur da iyalin Hamad, in zafi ya tsananta kuma su hau dutse zuwa Ɗa'if. Labarinsa ya riga shi zuwa Bani Malik. A masallaci ana cewa Salihu na jan gida a bayan mota, kamar shi ya ƙera shi. Na'ibi bai je ya gani ba, bai kuma tambaya ba, amma babu abin da aka faɗa a kan karafan ɗin da bai shiga kunnensa ba.

Sai ga shi wata Litinin da hantsi, wajen watanni takwas bayan haka, karafan ɗin da kansa ya karyo kwana ya tsaya a gaban rumfa. Maƙwabta suka fito. Mai kantin da ke gefe ya bar kantinsa a buɗe. Mata na leƙe ta tagogin sama, har Mastura ta aiko a tambaya ko gaskiya ne akwai famfon ruwa a ciki. Na'ibi yana zaune kan tsohuwar taya, bai tashi ba.

Salihu ya sauko daga mota. Rigarsa fara ce kamar kullum, amma fuskarsa ba ita ba ce. Ya gaisa da kowa a gurguje, ya zo ya tsugunna gaban Na'ibi, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Yaya, ina cikin matsala."

"Kai? Da wannan gidan naka?"

"Shi ne matsalar. Tayar baya ta dama ce. Cinyewa take yi ta gefe ɗaya, sauran ukun lafiyarsu lau. Sau biyu ana canza ta. Wannan ita ce ta uku, wata biyu kacal, ka je ka gani."

"Sau biyu," in ji Na'ibi. "A ina aka canza?"

Salihu ya sunkuyar da kai. "Babban garejin nan na hanyar Madina. Ammi Hamad ne ya ce a kai can."

"To ai sai ka koma can. Ni mai faci ne."

"Sun ce iska ce ta yi kaɗan. Na riƙa auna ta kullum da safe, ba ta canza komai ba. Sai suka ce tayar ce ba ta da kyau. Yanzu sun ce wa Ammi Hamad tuƙina ne, wai ina hawan duwatsu. Shi kuma wani ya sa masa a kai cewa cire sabuwar nake yi in sayar, in maƙala tsohuwa." Ya ɗago ya dube shi. "Shekara goma sha ɗaya ina tare da shi, Yaya. Jiya ya ce in ba a gano dalili ba zuwa Alhamis, shi ke nan, in ajiye masa mabuɗi."

Wani abu mai sanyi ya ratsa ƙirjin Na'ibi, ya kuma san sunansa. Daɗi ne. Ya ji kunyarsa, amma bai hana shi jin sa ba. Ya tashi a hankali, ya zagaya bayan karafan ɗin, ya durƙusa gaban tayar.

Taya ba ta yi wa Na'ibi ƙarya. In iska ta yi kaɗan, gefe biyu ne ke cinyewa a bar tsakiya. In ta yi yawa, tsakiyar ce ke sulɓewa. In kaya suka yi nauyi, duka tayoyin ne ke nuna wahala, ba guda ɗaya ba. Wannan kuwa gefenta na ciki ya siɗe kamar an goge shi da dutse, na waje yana nan da zanensa. Ya shafa tafin hannunsa daga waje zuwa ciki, ya wuce sumul. Ya dawo da shi, haƙoran zanen suka kama masa fata. Ya san wannan kamun. Tayar ba birgima kaɗai take yi ba, jan ta ake yi a karkace, tana goge kwalta duk inda aka je. Ya zagaya ɗaya gefen kamar mai duba fenti, ya shafa tayar baya ta hagu. Ita ma ta fara, kaɗan dai, amma ta gefen waje. Ba wanda ya lura da ita saboda ba ta kai a gani da ido ba.

Tun a nan ya san inda ciwon yake. Ya miƙe, ya kaɗe gwiwarsa.

"Ka gano?" in ji Salihu.

"Da wuri haka? Manyan gareji ma sun kasa. Kwance shi ka bar shi nan, sai na samu lokaci."

Salihu ya kwance karafan ɗin, ya yi godiya, ya tafi da motar kaɗai.

Ranar Litinin ta wuce Na'ibi bai taɓa shi ba. Talata ma haka. Yana faci, yana ɗaga kai yana kallon farin ɗakin da ya tare masa rabin gaban rumfa. A ransa yana ganin Salihu ya dawo Bani Malik da akwatinsa, ya tuɓe farar riga, yana neman a koya masa faci a karo na biyu. Ya ga kansa yana yi masa kirki, yana ba shi wuri a rumfa, ana cewa ai da ma Na'ibi ne babba. Har wasiƙar da za a aika Maiurno ya tsara a zuciyarsa. Ba abin da zai yi na mugunta. Shiru kawai zai yi har Alhamis, ya ce bai gano ba.

Ran Laraba da azahar ya shiga gida cin abinci, ya tarar da Jamilatu matar Salihu tana fita, idonta ja. Mastura ta ajiye masa tire, ta zauna nesa kaɗan.

"Jamilatu ta ce ba ka gano ba tukuna."

"Haka ne."

"Shekara nawa ina gidan nan? Ban taɓa jin ka taɓa taya ka ce ba ka gano ba. Ko a hanya muke tafiya ka ga mota ta wuce, sai ka faɗi abin da ke damun ta."

"Wannan ta Turawa ce."

"Tayyib. To zan gaya wa Jamilatu su kai wa Bahindiyen nan mai faci na unguwar Kilo Uku. An ce shi ba abin da ke gagarar sa."

Na'ibi ya ajiye cokali. Bahindiyen nan ya san shi, ya sha gyara facin da ya ɓata. A ce a Jidda akwai tayar da ta gagari Na'ibi, wani ya gano? A ce direbobi su zauna a rumfar shayi suna faɗin haka? Hassadar da yake yi wa Salihu tsohuwa ce, amma girman kan sana'arsa ya girme ta. Ya tashi bai gama cin abincin ba, ya aika a gaya wa Salihu ya zo gobe da sassafe, ya zo da maigidansa.

Ran Alhamis suka iso tare. Hamad dogo ne mai furfura a gemu, bai son ɓata lokaci. Ya dubi rumfar kwanon, ya dubi Salihu, kamar yana tambayar nan ne aka kawo shi.

"Yalla, ya mu'allim, ina ji."

Na'ibi bai yi dogon bayani ba, Larabcinsa ma bai kai ba. Ya ɗauko igiya da alli. Ya sa Salihu ya riƙe bakin igiyar a tsakiyar wilin gaba na hagu, shi ya ja ta zuwa tsakiyar wilin baya, ya shafa alli a daidai wurin. Suka zagaya dama suka yi haka. Alamar allin ba ta kai ba. Saura faɗin yatsa biyu.

"Ka gani, Ammi? Nan gajere, nan dogo. Ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya ya zame ta wannan gefen. Na gaba na tafiya miƙe, na baya na son ya bi wata hanya. Taya ce ke shan wahalar rigimarsu. Ko ɗari ka sa, haka za ta cinye."

Ya ɗaga karafan ɗin da jak, ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashi da sifana. Ya kwance ƙarafunan da suka ɗaure aksil, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin, da sifirin, ya laluba da yatsa. Ƙusar da ke tsakiyar sifirin, wadda ke hana aksil motsi, ta karye. Ya zaro guntunta ya fito ya ɗora wa Hamad a tafin hannu.

Hamad ya jujjuya ta. "Me ke karya wannan?"

"Rami babba, ko dutse, in an buga da gudu."

Hamad ya juya ya kalli Salihu, kallo mai tsawo. Salihu ya buɗe baki, ya rufe. Wannan ne karo na farko da Na'ibi ya ga bakin Salihu ya ƙi yi masa aiki. Ba wanda ya tambayi Na'ibi komai kuma. Ya faɗi gaskiya, bai ƙara ko kalma ba, in ya tsaya a nan ba wanda zai ce ya yi ƙarya.

Amma ya ga wani abu a ƙarƙashin can, kuma babu wani a Jidda da zai gan shi in ba shi ba. Barin sa a ciki ya fi ƙarfinsa.

"Ammi, dubi bakin karayar," ya ce, murya a daƙile. "Tsatsa ce ta shekaru. Sabuwar karaya fari take yi. Ka sunkuya kuma ka ga wani abu."

Hamad ya tattare rigarsa ya tsugunna. Na'ibi ya nuna masa da tsinin sifana. An shafe ƙarƙashin karafan ɗin da baƙin fenti kafin a sayar da shi, kuma fentin ya kwanta lafiya lau a kan inda aksil ya zame ya bari. Da bayan fenti ya zame, da an ga ƙarfe tsirara a wurin.

"A karye ka saye shi," in ji Na'ibi. "Ba direba ba ne."

Hamad ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe, sai ya kama kafaɗar Salihu da hannu biyu, ya nemi gafararsa a gaban duk wanda ke wurin. Sannan ya ce da ƙarfi, yadda har mai kanti ya ji, "Wallahi Salihu ba ka da na biyu! Duk injiniyoyin hanyar Madina sun kasa, kai ka san inda za ka nemo mai ido. Wannan ita ce basira!"

Na'ibi na tsaye da sifana a hannu, man inji har gwiwar hannunsa. Ya jira a juyo gare shi. An juyo, an ce masa Allah ya yi albarka, a gyara kafin la'asar. Ya koma ƙarƙashin karafan ɗin ya sa sabuwar ƙusa, ya daidaita aksil, ya sake aunawa da igiya har alli ya hau kan alli. Yana ɗaure noti yana jiyo su a sama suna dariya, Salihu ya samu bakinsa ya dawo.

Da yamma Salihu ya dawo shi kaɗai, ya rungume shi yana hawaye.

"Yaya, ka rufa mini asiri. Na san tun Litinin kake ta wahala a kansa."

Na'ibi ya ce ba komai. Bai taɓa gaya masa gaskiyar kwana ukun nan ba. Mastura kaɗai ta sani, ita ma ba ta sake tayar da zancen ba.

Tayar ta yi shekara uku ba ta cinye ba. Hamad ya sa duk motocin kamfaninsa su riƙa zuwa Bani Malik, har Na'ibi ya rushe rumfar kwano ya gina ta bulo, ya sayi injin iska. Sai dai direbobin kamfanin ba su san sunansa ba. In za su yi wa wani kwatance, sai su ce banshar ɗin ɗan'uwan Salihu, sunan kuma ya bi wurin. Na'ibi ya sa aka rubuta NA'IBI da manyan baƙaƙe a saman ƙofa, da Larabci da boko. Ba abin da ya canza.

A 1977 Hamad ya samu aiki a Riyad ya tafi da Salihu. Mastura ta ɗauka mijinta zai huta. Sai ya zama mai saurin fushi, yana faɗa da direbobi a kan abin da bai kai ba, kuma duk wanda ya zo daga Riyad sai ya tsare shi da tambaya: wane irin gida aka ba Salihu, wace mota yake ja, ya yi ƙiba ko ya rame.

Sai bayan shekara biyu Salihu ya zo babbar sallah. Riyad ba ta karɓe shi ba. Gemunsa ya yi fari fat, haƙoransa biyu na gefe sun zube, yana tafiya yana dafe ƙugu. Na'ibi ya tarbe shi da murna ta gaske, ya yanka masa rago, ya zaunar da shi a kan mafi kyawun shimfiɗa, ya riƙa tura masa tsoka yana cewa ya ci. Bayan baƙi sun tafi ya jawo tiren ya zauna yana cin nasa da nishaɗi.

"Kin ga Salihu kuwa?" ya ce wa Mastura. "Allah sarki. Wanda bai sani ba sai ya ce shi ne wana. Ni ko furfura goma ba ni da ita."

"Na gani," in ji Mastura tana tattara kofuna. "Matan da suka zo ma sun yi maganar. Sun ce furfurar ta yi masa kyau, ya zama kamar wani babban malami."

Na'ibi ya daina tauna. Ya ture tiren gefe ya ce naman ya yi gishiri.